Daga Garmaho Zuwa Lasifikar Kunne: Tarihin Sauraro a Garin Jos

Lasifikar kunne, wato na'urar nan da ake ɗorawa a ka ta rufe kunnuwa biyu, ko kuma a cusa ta cikin kunne, ta shigo Jos ne a matsayin kayan aiki tun kafin ta zama kayan nishaɗi. Ma'aikacin gidan waya da mai ɗaukar sauti a gidan rediyo sun daɗe suna sa ta kafin ɗan makaranta ko fasinjan mota ya san da ita. Wannan tsari da ta bi, daga ɗakin aiki zuwa titi, shi ya sa har yau ma'aunin da ake gwada ta da shi a garin ya bambanta da na masu tara na'urorin sauti masu tsada a Turai da Japan.

Garin Jos na yanzu kuza ce ta kafa shi. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ca a kan tsaunin, ma'aikata kuma suka kwararo daga ƙasar Hausa da Borno da ƙasar Tibi da kudancin Nijeriya. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso yankin a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin sauti shi ne lantarki. A 1929 kamfanin NESCO ya fara aiki da tashar samar da wuta daga ruwa a Kurra, domin injinan haƙar kuza. Da haka Jos da Bukuru suka samu tsayayyiyar wuta a zamanin da yawancin manyan biranen Arewa suke kwana da aci-bal-bal da fitilar ƙwai. Na'urar ɗaukar murya ta situdiyo tana buƙatar wutar da ba ta rawa, kuma wannan ni'ima, haɗe da sanyin garin da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ita ta riƙa jawo mishan da hukumomi su kafa ɗakunan aikinsu a nan.

Sautin na'ura na farko da jama'a suka saba da shi bai buƙaci lantarki ba ma. Garmaho da hannu ake wana shi, a ɗora faifai mai juyi 78 a minti ɗaya, allura ta bi layi, murya ta fito ta ƙaho ko ta cikin akwatin. Fuskar faifai ɗaya ba ta wuce minti uku zuwa huɗu, kuma allurar ƙarfe ce mai saurin dakushewa. Akawu ko ɗan kwangilar da ya mallaki garmaho ba ya kunna shi a ɓoye, don rabin amfaninsa shi ne maƙwabta su ji su taru. Haka gidajen sinima irin su Rex da Kwararafa da New Era suka ɗora a kan wannan ɗabi'a: ɗaruruwan mutane a wuri ɗaya, sauti ɗaya, shewa ɗaya. A tsawon wannan zamani sauraro harka ce ta taro, kamar yadda kiɗan biki da na kalankuwa suke tun asali.

Rediyo ma ta wannan ƙofa ya shigo. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara rarraba shirye-shirye ta waya a Legas a 1935, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu garuruwa, ciki har da Jos. Mai son saurare yana biyan kuɗin wata, a ja masa waya har gida, a maƙala masa akwati a bango. Ba shi da zaɓin tasha, abin da ke hannunsa kawai ya ƙara murya ko ya rage. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sashen Hausa na rediyon Jamus kuma a 1963. A daidai wannan lokaci ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha, ya shiga teburin mai shayi da shagon tela da rumfar mahauta. Irin waɗannan rediyoyi sukan zo da ɗan abin sawa a kunne guda ɗaya, fari, mai siririyar waya, amma ba kowa ya damu da shi ba. Mutumin da ya toshe kunnensa shi kaɗai yana jin labarai alhali mutane na zaune, rowa ake ganin ya yi.

A can ƙasashen da ake ƙera ta, lasifikar kunne ta riga ta yi nisa. Masu haɗa layin tarho ne suka fara amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma babban bakin wayar nan mai kaurin milimita 6.35 da har yau ake gani a situdiyo daga teburinsu ya samo asali. A 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera mai kunne biyu a gidansa a jihar Utah, rundunar sojan ruwan Amurka ta saya. Kamfanin Beyer na Jamus ya fito da samfurin DT 48 a 1937, wanda aka shafe shekaru fiye da 70 ana ƙerawa. A 1958 John Koss ya fito da wadda aka yi musamman domin jin kiɗa mai ɓangare biyu, dama da hagu, kuma daga nan ne ta fara zama abin sha'awa a gida. A 1968 Sennheiser ya kawo HD 414, mai buɗaɗɗen baya da soso mara nauyi.

Ɗakunan ɗaukar sauti na mishan su ne suka fara horar da kunnuwa a Jos bisa tsari. Ƙungiyar SIM, wadda ke da babbar cibiya a garin, ta buɗe gidan rediyon ELWA a Laberiya a 1954, kuma a lokacin tana da situdiyo a Jos inda ake haɗa shirye-shiryen Hausa a kan tef a aika Monrobiya, daga can a watso su ta gajeren zango su dawo Arewa. Majami'un Lutheran ma sun yi haka da situdiyon Muryar Bishara, wanda ya riƙa aika shirye-shiryensa zuwa babbar tashar da ke Adis Ababa. Tashar ta fara aiki a 1963, gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta a 1977. Tafiyar da murya za ta yi ke nan: daga makirufo zuwa tef, daga tef zuwa jirgin sama, daga nan ta hau iska ta keto dubban kilomita, ta faɗo cikin ƙaramin rediyo mai lasifika ɗaya a wani ƙauye. Duk aibin da aka bari tun farko, ko kukan wuta ne ko hucin baki a makirufo, sai ya ninka kafin ya isa. Saboda haka mai ɗaukar sautin ba ya neman lasifikar da za ta daɗaɗa masa abin da ya ɗauka. Yana neman wadda za ta tona asirin aikin tun tef bai bar ɗaki ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a iya aiki sai da ita. Idan makirufo na buɗe kuma babbar lasifika na magana a ɗaki ɗaya, sautin yakan koma cikin makirufo ya sake fitowa, har ya zama ƙarar nan mai tsinka kunne da aka sani a wuraren taro. Mai gabatarwa da mawaƙi dole su ji kansu ba tare da makirufo ya ji ba. Shi ya sa lasifikar kunne ta situdiyo take da rufaffen baya da matashi mai matse kunne. Tana da nauyi, tana sa gumi, amma tana riƙe sirri.

Talabijin ya faɗaɗa wannan sana'a ƙwarai. Gwamnatin jihar Binuwai-Filato a ƙarƙashin Joseph Gomwalk ta kafa gidan talabijin a Jos wanda ya fara aiki a 1974, kuma shi ne na farko a Nijeriya da ya watsa hoto mai launi. A 1977 ya koma ƙarƙashin hukumar NTA, a 1980 kuma hukumar ta buɗe kwalejin horar da ma'aikatanta a Jos. A farkon shekarun 1980 aka ɗauki shahararren wasan kwaikwayon nan na manoma, Cock Crow at Dawn, a kewayen garin, wanda Bongos Ikwue ya yi wa waƙar buɗewa. Ɗaukar sauti a fili ba kamar ta ɗaki ba ce. Iskar tsaunin Filato tana da ƙarfi, musamman a hunturu, kuma mai riƙe da sandar makirufo ba shi da wata hanyar sanin ko iska ta cinye maganar ɗan wasa sai ta abin da ke kunnensa. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ma a Jos hedikwatarta take, kuma ta buɗe makarantar koyon aikin fim a 1995. Ba wani gari a Arewa da ya tara makarantun da ake koyar da ɗaukar sauti kamar haka, kuma da yawa daga masu aikin bayan fage a finafinan Hausa da na Kudu ta nan suka bi.

Kiɗan garin kansa jarrabawa ce ga kowace na'ura. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, da kuntigi kaɗai yake waƙa: gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da tsirkiya guda. Sautin kuntigi siriri ne mai kaifi, ba shi da gangar da za ta ɓoye masa kuskure, kuma muryar mawaƙin tana tafiya kusa da shi. Lasifikar da ta cika kaifi sai ta mayar da kuntigin abin da ke soke kunne, wadda kuma ta cika dundu, wato amo mai kauri, sai ta danne shi ya ɓace. Kalangu ma haka yake, don ma'anarsa tana cikin hawa da saukar da makaɗi ke yi idan ya matse tsarkiyoyin da hammata. Kundung na Birom, mai katako da ƙahonin shanu a ƙasa, yana da amo mai ɗan zuza wanda na'ura mara kyau kan ɗauka tamkar lalacewa ce. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma muryar mutum da yawancin waɗannan kayan kiɗa a tsakiyar wannan zango suke zaune. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru. Don haka ga mai sauraron waƙar Hausa, ingancin tsakiyar sauti ya fi ƙarfin dundu daraja nesa ba kusa ba, ko da yake kasuwa dundun take tallatawa.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya mamaye Arewa a shekarun 1970 da 1980. Shi ne ya fara ba talaka damar ɗaukar murya da kansa ya kuma kwafa. Masu sayar da kaset a Babbar Kasuwar Terminus, wadda aka buɗe a 1985 ta ƙone a 2002, da na titin Ahmadu Bello da tashar Bauchi, sun rayu a kan kwafar waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya da na finafinan Indiya. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya jagoranci kafawa a Jos a 1978, ta yi amfani da kaset sosai wajen yaɗa wa'azi, majami'u kuma suka yi haka da waƙoƙin zumuntar mata. Duk da haka sauraron bai bar taro ba. Mai shago yakan fito da lasifika bakin ƙofa, direban tasi ya kunna wa duk motar.

Abin da ya fara raba mutum da taro shi ne Walkman na kamfanin Sony, wanda ya fito a Japan a ranar 1 ga Yuli 1979. Na asali yana da tsada, amma kwaikwayonsa masu araha sun cika kasuwa, kuma ɗaliban Jami'ar Jos da na makarantun kwana su ne suka fi rungumarsa. Lasifikarsa siririn ƙarfe ne da soso biyu. Ba ta hana hayaniya shiga, ba ta da dundun kirki, amma ba ta da nauyi, kuma a karon farko yaro ya iya jin abin da mahaifinsa bai ji ba. Dattawa sun ɗauki abin a matsayin rashin ladabi, musamman idan aka yi wa yaro sallama bai amsa ba.

A wannan zamani ne kuma masu ƙera na'urori suka rabu gida biyu a fili. Gida ɗaya na ma'aikata: AKG K240 ta 1975, Beyerdynamic DT 770 ta 1985, Sony MDR-7506 ta 1991, sai Audio-Technica ATH-M50 daga baya. Waɗannan an yi su don su jure wahala, a iya sauya musu matashi idan ya mutu. Ɗaya gidan na masu sha'awa ne, waɗanda ke zama su kaɗai suna gwada wannan da waccan a kan faifai ɗaya. Kamfanin Stax na Japan tun 1960 yake ƙera musu mai wata siririyar fata da lantarki ke girgizawa kai tsaye, ba tare da maganaɗisu ba. A 1991 Sennheiser ya ƙera Orpheus guda 300 kacal, kowace a kan kuɗi sama da dala 10,000, magajiyarta ta 2015 kuma ta kai kimanin Yuro 50,000. A tsakani akwai irin su HD 600 ta 1997 da HD 800 ta 2009. Kusan dukkan waɗannan masu buɗaɗɗen baya ne, saboda idan iska na wucewa ta bayan lasifikar, sautin yakan yi faɗi, mai sauraro ya ji kamar makaɗan suna gabansa a fili maimakon cikin ƙoƙon kansa.

Wannan faɗin yana da sharuɗɗa uku da ba kasafai suke cika a Jos ba. Na farko shiru: buɗaɗɗen baya yana barin duk ƙarar waje ta shigo, kuma a unguwar da janareton maƙwabci ke ruri, kuɗin da aka kashe don jin ƙananan bayanai ya tafi a banza. Na biyu ƙarfin turawa: HD 600 tana da turjiya ta om 300, alhali wayar hannu an yi ta ne don lasifika mai om 16 zuwa 32, don haka sai an haɗa da na'urar ƙara ƙarfi, ita kuma tana son wuta. Na uku asalin abin da ake ji. Waƙar da aka matse ta don ta yi sauƙin turawa, aka tura daga waya zuwa waya, ta riga ta zubar da abin da babbar lasifika za ta nuna. Abin da za ta ƙara fito da shi kawai shi ne raunin.

Situdiyoyin kiɗa masu zaman kansu sun bi hanyar ma'aikata. Panam Percy Paul ya kafa cibiyarsa ta kiɗan bishara da koyar da makaɗa a Jos, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta ta rage tsadar kafa situdiyo har ɗaki ɗaya ya isa. Garin da P-Square suka tashi, wanda kuma ya fitar da M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince da Jeremiah Gyang, ya cika da irin waɗannan ɗakuna, haka ma masu haɗa waƙoƙin finafinan Hausa da fiyano. A ɗakin da ba a gyara bangonsa don sauti ba, babbar lasifika tana ruɗin mai aiki, don bango yana mayar da amo. Sai lasifikar kunne ta zama alƙali na farko. Amma gogaggen mai haɗa kiɗa ba ya tsayawa a kanta. Yakan fita da waƙar ya gwada a mota, ya gwada a wayar hannu, ya gwada a lasifikar mai sayar da kaya, saboda a nan jama'a za su ji ta.

Maganar daɗin sawa kuwa yanayi ne ke yanke hukunci. Matashin fatar roba yana toshe hayaniya da kyau, yana kuma ƙara dundu, amma yana tara zafi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu yakan fara ɓarewa ya bar baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Matashin karammiski yana barin iska, sai dai yana shan ƙurar hunturu da man gashi. A Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, awa guda da rufaffiyar lasifika azaba ce. A Jos a watan Disamba kuwa, lokacin da sanyin asuba ke sa mutane rufe kunne da hular sanyi, mai aikin dare ba ya ƙorafi da ita. Nauyi ma abin dubawa ne: yawancin na aiki suna tsakanin giram 230 zuwa 300, wasu masu tsadar kuma suna haura giram 500, abin da wuya ke ji tun kafin a gama haɗa waƙa ɗaya. Sannan akwai abin da masu ƙerawa ba su yi lissafi da shi ba, wato sutura. Baka mai ratsa tsakiyar kai ba ta jituwa da doguwar hula ko ɗaurin ɗankwali, shi ya sa ake ganin mai gabatar da shiri ya tura ta ƙeya, mace kuma ta ɗora ta bisa hijabi, wanda ke rage kaifin sautin. Mai tabarau shi ma yana da nasa: ƙafar tabarau tana ɗaga matashin, dundu ya zurare.

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, da kuma wayoyi masu katin ajiya bayan wasu shekaru, shi ya sa iyafis, wato ƙaramar da ake cusawa cikin kunne, a aljihun kowa. Masu tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai suka gaji masu kwafar kaset. Wayoyin Tecno da Itel masu rediyo a ciki sun ƙara masa wani aiki, domin a wasunsu wayar iyafis ɗin ita ce eriya, sai an jona ta ake kama tashoshin gari irin su Peace FM da Highland FM da Jay FM. Daga baya marasa waya suka shigo, Apple ya fito da AirPods a 2016, kamfanoni irin su Oraimo suka kawo masu araha. Tare da su jabu ya yi yawa, kwali da tambari iri ɗaya da na asali, har mai saye ya koyi cewa ba ya biya sai an jona masa ya ji. Gwajin da yake yi a tsaye a bakin shago bai wuce uku ba: ƙarfin murya, nauyin dundu, da daɗewar caji.

Ƙarfin muryar nan shi ne inda haɗarin yake. Iyafis mai araha ba ya toshe hayaniyar titi, sai mai shi ya ƙure murya don ya danne ƙarar Keke Napep da hon ɗin motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ta kuma yi kiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. A nan rufaffiyar lasifikar situdiyo, wadda Jos ta sani tun zamanin tef, ta fi iyafis ɗin kasuwa da mai buɗaɗɗen bayan nan ta masu kuɗi dacewa da garin, domin tana rage hayaniyar waje, mai ita kuma ya ji komai ba tare da ya ƙure murya ba.